Mudu Biyu

Da na sauka Zariya da buhun gero huɗu,
na biyo ɗana Kefas mai aiki a Shika,
cikin kwana uku na sami rumfa a Sabon Gari.
Ikilisiya ce ta ci mini wata bakwai.

Ni 'yar awo ce, ɗiyar 'yar awo.
Uwata Afiniki ta koya mini kifa mudu in duba gindinsa
kafin in yarda da fara'ar mai shi.
Ran Lahadi kuma takan ɗora yatsa kan aya,
yatsan nan da sussuka ta tsage wa farce,
ta bi mai wa'azi sawu da sawu.
In ya yi tsalle, ta sani.

A Muciya na fara.
Lasifika shida, janareta na gurnani bayan taga.
Mutumin ya buɗe Littafi, ya karanta rabin aya,
ya rufe, ya ɗora hankicinsa a kai,
bai ƙara waiwayarsa ba har aka tashi.
Awa biyu: motarsa, mafarkinsa, magabtansa.
Baiko sau uku.
Ni kuwa na san ƙaiƙayi
ko an ɗura shi a sabon buhu.

Maƙwabciya ta ja ni Kwangila.
Can aka ce mai bangaskiya ba ya ciwo, ba ya rashi.
Na tuna Irmiya, mijina, shekara biyu a kan tabarma,
yana yabo da rabin murya har ya cika.
To shi me ya gaza?
Ban jira addu'ar rufewa ba, na ɗau jakata.

Wasu Lahadin, gaskiya, ban je ko'ina ba.
Na zauna na tsince wake.

Ruwan sama ne ya kora ni wata majami'a a Wusasa,
ranar da na je dubiya.
Benci ashirin, kwano na yoyo, an tara bokiti.
Tsoho ne a gaba, tabarau ɗaure da zare,
muryarsa da kyar take kai ƙofa.
Ya ɗauko sura daga kanta,
ya faɗi su wa aka rubuta wa, da abin da ke cin su.
Yatsana na tafe, yana tafe,
ban ga inda ya tsallake ba.
Wata aya ya ce, "Wannan ban gama gane ta ba,
ba zan zuba mata gishirina ba."
Wata kuma ya ce, "Wannan ni ta fara sara."

Sai ya iso kan ma'auni biyu,
babba na saye, ƙarami na sayarwa.
Bai dube ni ba. Bai ma san ni ba.
Amma ƙarƙashin teburina a kasuwa
akwai mudun da na doki gindinsa da taɓarya
shekarar da kuɗin makarantar Kefas ya gagara.
Kefas ya gama tuni. Mudun bai huta ba.

Awon mai wa'azi na zo, ni aka auna.

Bai ce in kawo ambulan a wanke ni ba.
Gicciye ya nuna, inda Almasihu ya biya bashin kaf,
ba tauyi, ba algus,
sannan ya koma bencinsa ya yi shiru.
Ruwan na ɗiga cikin bokiti, ɗis, ɗis.

Litinin da sassafe na ari guduma wurin maƙeri.
'Yan rumfa suna ta tambaya me nake ƙerawa.

Har yau yatsana na kan aya.
Shi ya ce kada in ɗauke, ko don shi.
Ran nan ya ambaci Ishaya inda Amos ne,
na gaya masa a bakin ƙofa, gabana na faɗuwa.
Lahadin da ta biyo ya gyara a gaban kowa,
har ya ce a gode wa mai gero.

Mota biyu nake shiga kafin in kai,
kuɗin ya kusa ribar mudu uku.
Kefas ya ce akwai ta kusa, mai fanka.
Na ce na gani.